Tsakanin Ɗan Takara da Mai Ƙuri'a, Wa Ke Biyan Wa?

A watan Afrilun 2022 jam'iyyar APC ta sanar cewa duk mai sha'awar takarar shugaban ƙasa a ƙarƙashinta zai sayi fom a kan naira miliyan 100. PDP tuni ta sa nata a kan miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne a wata, wato ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara 277 yana tari kafin ya haɗa kuɗin takardar. Albashin shugaban ƙasa na hukuma kuwa bai wuce miliyan 14 da 'yan kai ba a shekara, ka ga ko an haɗa na shekara huɗu bai mayar da kuɗin fom ba. Duk da haka mutum fiye da ashirin suka saya. A daidai wannan lokaci jami'o'in gwamnati a garƙame suke, don ƙungiyar malamai ta ASUU ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai Oktoba. Wata takwas 'ya'yan talakawa na zaune a gida, su kuwa masu neman mulkarsu suna layin biyan miliyan ɗari-ɗari.

Farashin nan hawa ya yi ta yi a idonmu. A 2014 fom ɗin APC naira miliyan 27 da rabi ne, har Janar Buhari ya ce sai da ya ci bashin banki ya saya. A 2018 ya koma miliyan 45. Kuma fom ƙofar zaure ce kawai. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, na sanata miliyan 100, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da ofishin kamfe ya san wannan iyaka a takarda ta tsaya.

Inda aka fi yin cinikin shi ne zaɓen fidda gwani. A taron PDP na Abuja, ƙarshen Mayun 2022, Atiku Abubakar ya samu tikiti da ƙuri'a 371. Kwanaki kaɗan bayan haka, a dandalin Eagle, Bola Tinubu ya samu na APC da ƙuri'a 1,271. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, 'yan dubbai ƙalilan ne suka tace mana waɗanda za mu zaɓa a ciki. Jaridu sun yi ta ba da labarin daloli da aka raba wa daliget a otal-otal, har jami'an EFCC suka halarci wuraren taron. A jihar Kaduna an samu daliget ɗin da ya dawo gida ya fito fili ya raba wa marayu da marasa lafiya miliyoyin da ya samo, jama'a suka yi ta sa masa albarka. An kuma samu 'yan takarar majalisa da suka faɗi zaɓe suka bi daliget gida-gida suna cewa a dawo musu da kuɗinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ba wanda ya ji kunya. Mai bayarwa bai ɓoye ba, mai karɓa bai ɓoye ba, mu da muke saurare ma lissafin nawa kowa ya samu muka riƙa yi.

Ranar babban zaɓe sai ragowar ta gangaro unguwa. Taliya, sabulu, ƙullin magi, turmin atamfa, dubu biyu a ninke. Kowa a Kano ya san kalmomin: "an sauke kayan aiki?", "a jiƙa mana maƙoshi", "wancan ba ya motsi". A zaɓen 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, an yi zaton cinikin zai mutu. Bai mutu ba, ya koma tura kuɗi ta waya da rabon kayan abinci.

In ka tambayi masu ilimi a birni me ya jawo haka, amsa ɗaya suke bayarwa: talauci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ba na musun wannan. Uwar da ba ta ɗora tukunya ba tun jiya, ba ni da bakin yi mata wa'azi a kan taliya. Amma ban yarda talauci kaɗai ne ya kawo mu nan ba, don talakan da ya fi na yau rashin kuɗi ya taɓa yin siyasar da ba a saye shi ba, kuma a nan Kano aka yi.

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ba da jimawa ba Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya zama jagoranta. Waɗanda suka riƙe jam'iyyar teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da masaƙa, da malaman allo, da ƙananan manoma. Alhaji Tanko Yakasai tela ne kafin ya zama wanda aka sani. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mahaifina ma tela ne, kuma har ya bar duniya katinsa na jam'iyya yana cikin akwatin da yake ajiye takardun gida. Da kuɗinsa ya sayi katin. In za a yi lacca a ƙauye, su ne ke haɗa sisi da kwabo, wani ya ba da aron keke, wata ta dafa abincin baƙi. Ladan da suke samu shi ne bulala a kotun alƙali, da kurkukun En'e, da korar mutum daga rumfarsa ta kasuwa. Ba na cewa zamanin nan babu kuɗi a siyasa. Jam'iyyar NPC na da attajirai da sarauta a bayanta, ita ma NEPU ta samu tallafi daga ƙawancenta da NCNC. Amma a matakin unguwa, ɗan jam'iyya ne ke ciyar da jam'iyya. Shi ya sa yake da bakin tsayar da shugaba a taro ya ce masa, "Malam, wannan ba haka muka yi da kai ba." Yau jam'iyya ce, ko in ce mai kuɗin da ya riƙe jam'iyya, ke ciyar da ɗan jam'iyya, kuma wanda aka ba kuɗin mota ya zo taro ba ya ɗaga hannu ya yi tambaya.

Wannan siyasa ta haifi abin da aka gani a ƙasa. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da talakawa suka shekara talatin suna kuka a kai. Gidan Malam Aminu na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, yana nan ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Duk wanda ya shiga ya ga ɗakin da mutumin ya kwana har rasuwarsa a 1983 zai gane cewa an taɓa yin lokacin da rashin tara dukiya ke ƙara wa ɗan siyasa kwarjini.

To me ya canza? Na farko man fetur. Daga shekarun 1970 gwamnati ta daina dogaro da gyaɗa da auduga da harajin mutane, ta koma jiran kuɗin mai. Soke haraji adalci ne, ba na ja da baya a kan haka, amma akwai abin da ya biyo baya wanda ba a yi tsammani ba. Gwamnatin da ke samun kasonta daga Abuja kowane ƙarshen wata ba ta buƙatar aljihun talaka, don haka ba ta buƙatar yardarsa sai rana ɗaya a shekara huɗu. Dukiya ta taru a wuri ɗaya, hanyar arziki mafi sauri ta zama kusanci da mai rabon. Sai kuma ƙarin albashin Udoji, da aka biya ma'aikata da ariyas a 1975. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda aka wawashe rediyo da babur da talabijin a kantuna cikin 'yan makonni. Daga nan ne sayen kayan waje ya fara zama ma'aunin wanda ya ci gaba.

Na biyu mutuwar masana'antu. Kakuri a Kaduna, Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da can dubban mutane ne ke shiga aiki da safe su fito da yamma. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da sauran 'yan uwanta sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa shekarun 2000, yadin waje ya cika Kantin Kwari. Ana yawan lissafa asarar aikin yi, ba a cika lissafa ɗaya asarar ba. Kowace masaƙa na da reshen ƙungiyar ƙwadago, ana cire kuɗin ƙungiya a albashi, ana zaɓen shugabanni, ana karanta rahoton kuɗi a gaban mambobi, ana tsige wanda ya ci amana. A nan leburan da bai gama firamare ba ya koyi yadda ake zama da manaja a yi ciniki a kan haƙƙi. Adams Oshiomhole daga masaƙar Arewa ta Kaduna ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Ɗan wancan lebura yau yana tuƙa adaidaita sahun wani, ko yana zaune a ƙofar gidan Honorabul yana jiran ya fito.

Yunƙurin gyara ma bai hana ba. Gwamnatin Babangida ta ce za ta raba siyasa da masu jakar kuɗi, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, ta gina musu ofisoshi. Da aka zo zaɓen 1993, duka 'yan takarar biyu, Abiola da Bashir Tofa, manyan attajirai ne.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu, mu da muke da ɗan abin hannu, kuma shi ne aka fi kauce wa faɗa. A layinmu famfo ya daina kawo ruwa tun yarana na ƙanana. Da farko an yi ta zuwa ofis ana kai kuka, ana haɗa wasiƙa da sa hannun masu gidaje. Sai mai hali na farko ya haƙa rijiyar burtsatse, na biyu ya bi, na uku ya bi. Cikin 'yan shekaru duk wanda ya san wani a ma'aikata, duk wanda ya iya rubuta takardar koke da Turanci, ya samu ruwansa a cikin gida. Waɗanda suka rage su ne masu sayen jarka a wurin 'yan garuwa, kuma su ba wanda ke amsa musu sallama a ofis. Ba a sake rubuta wasiƙa ba. Haka aka yi da wuta: janareta, daga baya sola. Haka aka yi da makaranta: firamaren gwamnati da ta yaye alƙalai da likitocin garin nan ta zama ta 'ya'yan wanda ba shi da zaɓi, aji ɗaya yara fiye da ɗari a ƙasa. Haka asibiti, haka tsaro, kowane layi da ƙofar ƙarfe da maigadinsa. Kowane ɗayanmu ya yi abin da hankali zai ba shi don iyalinsa. Amma da muka gama, sai ya zamana duk masu murya sun sayi hanyar fita daga abin da ya haɗa mu, an bar kayan gwamnati ga waɗanda ba a jin muryarsu.

A sama abin ya fi muni. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, Najeriya ba ta taɓa kusantar wannan ba. Me zai sa ta kusanta, alhali masu rattaba hannu a kasafin a Landan da Dubai da Alƙahira ake duba su? A 2017 Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan, a shekarar ce kuma uwargidansa ta fito ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. Da Nasir El-Rufa'i ya kai ɗansa makarantar gwamnati a Kaduna a 2019, labarin ya cika ƙasa, saboda abin ya zama baƙo. Rahoton ƙungiyar Oxfam na 2017 ya ce dukiyar mutum biyar mafi arziki a Najeriya ta kai kusan dala biliyan 30. Ba na ƙyashin arzikin kowa, kasuwanci gadonmu ne, tun fataken Kurmi. Damuwata ita ce mutumin da ba ya shan ruwan da muke sha, ba ya bin hanyar da muke bi, ɗansa ba ya zama ajin da namu ke zama, shi ne kuma ke da kuɗin sayen fom da daliget da lokacin rediyo. Ko yana da kyakkyawar niyya, ciwon da bai taɓa ji ba sai dai a ba shi labari.

Sai ƙawa, wadda ita ce ke sa mu karɓi wannan tsari hannu bibbiyu. Dubi yadda biki ya koma. Lefe akwati goma sha biyu, kamu, dina, wankan amarya, anko kala uku, mai hoto na daban, mai ɗora bidiyo a Instagram da TikTok na daban. Da ɗan shugaban ƙasa ya auri 'yar Sarkin Bichi a Agustan 2021, jiragen alfarma suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma hotunan sun shiga wayar kowace budurwa da kowane saurayi a Arewa. Da can mai kuɗi yana bayan katanga, ba ka san abin da ya ci ba. Yanzu falonsa da motarsa da agogonsa suna tafin hannun yaron da bai karya kumallo ba. Malamin makaranta yana cin bashi don kada 'yarsa ta ji kunya a gaban ƙawaye. Magidancin da bashin biki ya danne ba shi da lokacin zuwa taron iyayen yara, kuma in Honorabul ya aiko da gudummawar buhun shinkafa biyu, an gama da bakinsa har zaɓe mai zuwa.

Wannan ido da muke auna juna da shi, da shi muke auna shugabanni. Ɗan takarar da ya zo a tsohuwar mota, kafin ya buɗe baki an ce "wannan bai shirya ba". Kansilan da ya gama wa'adinsa bai gina gida ba, 'yan uwansa ne na farkon kiransa sakarai. Na sha jin mutanen kirki, masu sallah a sahun gaba, suna yabon wani da cewa "ya ci amma ya bayar". A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, 'yan majalisar tarayya suka karɓi manyan motoci na ƙasar waje da aka ce kowace ta haura naira miliyan ɗari. An yi surutu na mako biyu. Da suka shigo mazaɓu a cikin motocin, yara suka bi su da gudu ana kirari.

Aikin ɗan majalisa kansa ya sauya kama. An zaɓe shi ya yi doka, ya bi diddigin kasafin kuɗi, ya tuhumi minista. Yau da rabon kekunan ɗinki da injin markaɗe da babura ake auna shi, a jera su a fili, a kafa rumfa, a ɗauki hoto. Kimanin naira biliyan 100 aka riƙa warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, kuma da hukumar ICPC ta fara bin sawunsu a 2019 ta tarar da ayyukan da aka biya ba a yi ba, da kayan da aka ɓoye a gidaje. Kuɗin jama'a ne, amma ana miƙa shi kamar kyauta daga aljihun mutum, mai karɓa ya durƙusa ya yi godiya. Da daddare kuma ka kunna rediyo ka ji sojojin baka, kowa da ubangidan da ya saya masa minti biyar, yau ya yabi wannan, gobe in an daina sakin kuɗi ya koma wancan. Filin da ya kamata a tattauna dalilin da ya sa asibitin unguwa ba magani ya zama na wanda ya iya biya.

Jama'a ba wawaye ba ne, sun gane, kuma amsarsu ita ce zama a gida. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2019 kashi 35. A 2023, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kashi 27 kacal suka fita, wanda ya ci kuma ya ci da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. Fushin da bai samu hanyar akwati ba ya fito ta wata hanya a Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. A Kano na ga abin da ya ba ni tausayi: dubban matasa a titi, yunwarsu gaskiya ce, amma ba ƙungiya, ba shugaban da za a zauna da shi, ba takardar buƙatu. Kafin la'asar an fara fasa wurare, an sa dokar hana fita, an rasa rayuka. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotu a Abuja, wasu suka faɗi a gaban alƙali don galabaita, sai da duniya ta yi caa aka sake su. Kakannin waɗannan yara suna da reshen jam'iyya a unguwa da sakatare da littafin mambobi. Su ba a bar musu ko ɗaya ba.

Duk da haka al'adar haɗa kuɗi da tsayawa a ƙungiya ba ta mutu ba. A kamfen ɗin 2015 talakawa sun tura wa Buhari ɗari biyar-biyar da dubu-dubu ta banki da katin waya, sun kwana a rumfunan zaɓe suna tsaron ƙuri'a ba wanda ya biya su. Kuskuren shi ne mutum ɗaya aka ba kuɗin, ba a gina ƙungiyar da za ta tuhume shi bayan ya hau ba. A 2021 da 2022 direbobin adaidaita sahu a Kano sun ajiye aiki a kan kuɗaɗen da aka ɗora musu, gari ya tsaya cak, dole hukuma ta zauna da su. Sun iya haka ne domin suna da tasha, suna da shugabanni, suna biyan kuɗin ƙungiya kullum. Haka 'yan kasuwar Kwari da Singa, haka matan da ke adashi shekara da shekaru ba a ci kuɗin kowa ba, haka kwamitin masallacin da ke karanta abin da aka tara bayan sallar Juma'a. 'Yan siyasa sun san ƙarfin waɗannan wurare, shi ya sa da zaɓe ya matso za ka ga an kai wa shugabannin ƙungiya kyautar mota ko kujerar Makka. Ƙungiyar da mambobinta ke biyan kuɗi kuma suke neman a karanta musu lissafi tana iya sauke shugaban da ya karɓa, kuma an sha yin haka a tashoshi da kasuwanni.

Abin da nake so in gani a mazaɓarmu kafin zaɓe mai zuwa bai fi ƙarfinmu ba. Masu burtsatse da masu sayen jarka su koma zama ɗaya a kan maganar famfo. Mu da muka kai yaranmu makarantar kuɗi mu koma kwamitin firamaren unguwa, da sunanmu da lambar wayarmu a takardar koke. In ɗan takarar kansila ya zo, mu haɗa masa kuɗin fosta da kanmu, ɗari biyu-biyu, a rubuta sunan duk wanda ya bayar a littafi, shi kuma ya sa hannu cewa duk wata uku zai zo ƙofar gidan mai unguwa ya faɗi nawa ya shigo ƙaramar hukuma da inda aka kai shi.